Dangantakar Ƙwayar Helicobacter pylori da Cutar Asma a Tsakanin Yara

Helicobacter pylori ƙwayar bakteriya ce murɗaɗɗiya da ke zaune a tumbin ɗan Adam, a ƙarƙashin yauƙin da ya lulluɓe bangonsa. Yawancin ƙwayoyi ba sa iya zama a wurin saboda ƙarfin asid, amma ita tana fitar da wani sinadari da ke farfasa yuriya ya mai da ita amoniya, ta haka take dakushe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Likitoci biyu na birnin Perth a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka fara rainonta a ɗakin gwaji a 1982, suka kuma nuna cewa ita ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, wanda jama'a suka fi sani da olsa. A 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, a 2005 kuma aka ba mutanen biyu lambar Nobel. Da wannan suna aka san ta a asibiti: cuta ce da ake nema a kashe.

Sai dai tun farkon shekarun 2000 aka fara samun rahotanni masu nuna wata fuska ta daban. Mutanen da ke ɗauke da ƙwayar, musamman yara, ba su cika fama da asma da sauran cututtukan borin jini kamar waɗanda ba su da ita ba. Abin da masana ke ja-in-ja a kai shi ne ko ƙwayar ce ke ba da kariyar, ko kuwa shaida ce kawai ta irin gidan da yaro ya tashi a ciki.

Kamuwa da yaɗuwa

Kusan duk mai ɗauke da H. pylori yana yaro ya same ta, galibi kafin ya kai shekara 10, kuma a cikin gida: daga uwa, ko yayye, ko wanda ke rainonsa. Yawu da amai da gurɓataccen ruwa su ne hanyoyin da aka fi zargi. Cunkoso a ɗaki, da kwana a shimfiɗa ɗaya, da tauna abinci a sa wa jariri a baki duk suna sauƙaƙa mata hanya. Idan ta shiga, galibi ba ta fita sai da magani. Mafi yawan masu ita ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke samun gyambo, kashi 1 zuwa 3 kuma sankarar tumbi, wadda takan zo ne bayan shekaru sun ja.

Zamanta da mutum ba na jiya ba ne. Wani nazarin ƙwayoyin gadonta da mujallar Nature ta buga a 2007 ya nuna cewa tare da ɗan Adam ta fita daga gabashin Afirka kimanin shekaru 58,000 da suka wuce. Wani ƙiyasi na 2017, ƙarƙashin jagorancin James Hooi, ya ce mutum biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ita a 2015. Afirka ce kan gaba da kusan kashi 70, Najeriya tana da kashi 87.7, Suwizalan kuwa kashi 18.9 kacal. A ƙasashe masu arziki kowace tsara ta yara tana tashi da ita ƙasa da ta iyayenta, saboda tsabtataccen ruwa, da ƙananan iyalai, da yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Nau'inta ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai ɗauke da ƙwayar gado da ake kira cagA, wadda ke tsira wa bangon tumbi wani furotin, ta fi tayar da kumburi, ta fi kuma jawo gyambo da sankara. Wannan bambanci yana da muhimmanci a abin da zai biyo baya.

Asma da hauhawarta

Asma kumburi ne mai daɗewa a hanyoyin iska na huhu. Idan ta tashi, tsokar da ke kewaye da hanyoyin takan matse, bangonsu ya kumbura, majina ta taru. Yaro yakan farka da tari cikin dare ko da asuba, ƙirjinsa yana fito idan yana fitar da numfashi, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa duk lokacin da ya ja iska. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 262 ne ke da ita a 2019, ta kuma kashe 455,000 a shekarar. Ita ce cuta mai daɗewa da ta fi yawa a tsakanin yara.

A nau'in asma na borin jini, garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba shi da illa, kamar ƙwarin ƙurar ɗaki ko kyankyaso ko ƙurar furanni, a matsayin maƙiyi. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira Th2 suna fitar da saƙonnin sinadari, IL-4 da IL-5 da IL-13, waɗanda ke sa a samar da sinadarin garkuwa mai suna IgE, su kuma kira ƙwayoyin iyosinofil su cika huhu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wannan cuta ta ninka a Birtaniya da Amurka da Ostireliya cikin ɗan lokacin da gado ba zai iya bayyanawa ba. Dole wani abu ne ya canza a muhalli.

A 1989 David Strachan ya duba bayanan yara sama da 17,000 da aka haifa a Birtaniya a mako guda na watan Maris 1958, ya ga cewa yawan yayyen yaro yana tafiya da ƙarancin murar borin jini. Daga nan aka sami ra'ayin da ake kira hasashen tsabta, wato haɗuwa da cututtuka a yarinta ce ke koyar da garkuwa. Graham Rook ya gyara shi a 2003, ya ce ba kowace cuta ce ke koyar da garkuwa ba, sai ƙwayoyin da suka daɗe suna zaune da mutum. Martin Blaser da Stanley Falkow suka ƙara a 2009 cewa waɗannan ƙwayoyi ɓacewa suke yi daga tsara zuwa tsara, domin uwar da ba ta da su ba ta da abin da za ta miƙa wa ɗanta. H. pylori ita ce misalin da ya fi sauƙin aunawa, tun da gwajin jini ko na numfashi ko na bayan gida yana nuna ta.

Abin da aka gani a jikin mutane

Bincike biyu na Yu Chen da Martin Blaser, na Jami'ar New York a lokacin, su ne suka jawo hankali. Na farko, a 2007, ya yi amfani da bayanan manya 7,663 daga babban binciken lafiyar jama'a na Amurka. Masu ɗauke da nau'in cagA sun fi ƙarancin tarihin asma, kuma dangantakar ta fi ƙarfi ga asmar da ta fara kafin shekara 15. Na biyu, a 2008, ya ƙunshi mutum 7,412 daga zagayen 1999 zuwa 2000 na wannan bincike. A cikin yara 'yan shekara 3 zuwa 13, yiwuwar samun asma ta ragu da kashi 59 cikin 100 ga masu ƙwayar. A wannan shekara Joan Reibman da abokan aikinta suka kwatanta masu asma 318 da marasa ita 208 a birnin New York. Abin da ya fi ɗaukar hankali a sakamakonsu shi ne lokacin farawar ciwon: a tsakanin masu asmar, waɗanda ba su da ƙwayar sun fara ne a wajen shekara 11, masu nau'in cagA kuwa sai wajen 21. A Isra'ila, Noam Zevit ya duba yara 6,959 da aka yi wa gwajin numfashi, ya sami dangantaka iri ɗaya, amma mai rauni, ragin bai kai kashi 20 ba.

Ba ko'ina aka ga haka ba. Wani bincike a kan manya a Nottingham ta Ingila, a 2009, bai sami wata alaƙa da asma ba. A Holan abin ya ma juya. Cikin yara 3,797 'yan shekara 6 da aka bi tun haihuwa a birnin Rotterdam, waɗanda ƙasa da kashi 10 ne ke da ƙwayar, rahoton 2016 ya nuna asma ta fi yawa ga masu ita, kuma wannan ya fito ne daga yara 'yan asalin Turai masu ɗauke da nau'in da ba shi da cagA. Nazarce-nazarcen da suka tattara sakamakon bincike da dama wuri ɗaya sun tsaya a tsakiya: akwai ragi, amma ƙarami, wajen kashi 15 zuwa 20, ya fi bayyana ga yara fiye da manya, ya fi kuma bayyana ga nau'in cagA. Wato nau'in da ya fi cutar da tumbi shi ne ya fi alaƙa da lafiyar huhu.

Gwajin ɓeraye

Duk binciken da aka ambata kallo ne daga waje. Ba wanda zai sa wa jariri ƙwayar da ke jawo sankara don ya ga abin da zai faru. A kan ɓeraye aka yi wannan, kuma aikin da ya fi tasiri shi ne na ɗakin gwajin Anne Müller a Jami'ar Zurik, wanda Isabelle Arnold ta jagoranta aka buga a 2011.

An raba ɓerayen gida uku. Wasu aka ɗura musu ƙwayar suna da kwana 6 a duniya, wasu sai da suka kai mako 6, wato sun girma, wasu kuma ba a sa musu komai ba. Daga baya aka saba wa jikinsu duka da furotin na farin ƙwai ko na ƙwarin ƙurar ɗaki, sannan aka sa su shaƙe shi. Ɓerayen da ba su da ƙwayar suka kamu yadda aka zata: hanyoyin iskarsu suna matsewa da ɗan abu kaɗan, ruwan da aka wanko daga huhunsu cike da iyosinofil, ƙwayoyin da ke yin majina sun yawaita. Waɗanda aka sa wa ƙwayar suna jarirai kusan ba abin da ya same su. Waɗanda suka same ta da girma sun ɗan sami sauƙi, amma bai kai na farkon ba. Da aka ba ɓerayen magani aka kashe ƙwayar, kariyar ta tafi.

Matakin da ya fi bayyana dalili shi ne na gaba. A jiki akwai wasu ƙwayoyin T da aikinsu shi ne tsawatar wa sauran, su hana garkuwa wuce gona da iri. Ana kiran su Treg. Masu binciken suka tsamo irin waɗannan daga ɓerayen da suka kamu tun suna jarirai, suka zuba su a jinin ɓerayen da ba su taɓa haɗuwa da H. pylori ba, sai su ma suka sami kariya. Da aka kawar da Treg daga jikin masu ƙwayar kuma, asma ta dawo. Ayyukan da suka biyo baya daga wannan ɗakin gwaji, a 2012 da 2013, sun nuna yadda abin ke faruwa. Ƙwayar tana sauya halin ƙwayoyin dendiritik, waɗanda su ne ke ɗaukar samfurin baƙon abu su kai wa ƙwayoyin T. Maimakon su ingiza su faɗa, sai su mai da su Treg, ta hanyar saƙon IL-18. Furotin biyu na ƙwayar, VacA da GGT, su ne ke yin wannan aiki. Ba don amfanin mutum ƙwayar ke yin haka ba. Dabararta ce ta samun wurin zama na shekaru ba tare da an kore ta ba. Amma Treg ba sa tsayawa a tumbi, suna bin jini har huhu, a can kuma sai su danne Th2.

Akwai abin da ke goyon bayan wannan daga jikin mutane. Paul Harris da abokansa a ƙasar Chile sun ba da rahoto a 2008 cewa tumbin yara masu ƙwayar ya fi na manya yawan Treg da ƙarancin kumburi. A wannan shekara Karen Robinson a Nottingham ta nuna cewa masu gyambon ciki suna da ƙarancin Treg idan aka kwatanta da masu ƙwayar da ba su da gyambo. Duka suna nuni ga abu ɗaya: shekarun da aka kamu suna da nauyi kamar kamuwar kanta. Jikin jariri yana karɓar ƙwayar da haƙuri, jikin babba yana karɓarta da faɗa.

Abubuwan da ke rikita lissafi

Ganin balbela a bayan garke ba ya nufin ita ke kiwon shanun. A ƙasar da H. pylori ta kusa ƙarewa, yaron da ke da ita yawanci ɗan gidan talakawa ne ko na baƙin haure, mai yayye da yawa, wanda ya haɗu da wasu ƙwayoyin da dama. A 2000 Paolo Matricardi ya nuna a tsakanin matasan sojan sama na Italiya cewa borin jini yana raguwa ga masu alamar kamuwa da H. pylori, amma haka yake raguwa ga masu alamar ciwon hanta nau'in A da Toxoplasma, waɗanda duk ta baki suke shiga. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin talauci da ƙabila da yawan iyali ta hanyar lissafi, sai dai lissafi ba ya cire abin da ba a auna ba.

Matsala ta biyu ita ce maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yaron da ƙirjinsa ke yawan fito yakan sha amoksisilin ko kilaritromaisin akai-akai, bisa zaton ciwon huhu ne, kuma waɗannan su ne magungunan da ake kashe H. pylori da su. Idan haka ne, a wasu yaran asmar ce ta kori ƙwayar, ba rashin ƙwayar ne ya kawo asma ba. Binciken da ya auna yaro sau ɗaya ba zai iya bambance wanne ya riga wanne ba. Ga kuma raunin gwajin jini, wanda ke nuna an taɓa kamuwa amma ba ya faɗin yaushe, alhali gwajin ɓeraye ya nuna cewa lokacin ne ginshiƙin al'amarin.

Darasin Afirka

A Maiduguri ne likita Chris Holcombe ya yi aikin da ya kai shi ga rubuta maƙalarsa ta 1992 a mujallar Gut, inda ya nuna mamakin yadda kusan kowa ke da ƙwayar tun yana yaro amma rahoton sankarar tumbi ya yi kaɗan. Daga baya wasu sun ƙalubalanci wannan, suna cewa ƙarancin rajistar masu sankara da gajeren tsawon rai ne suka ɓoye ainihin adadin. Duk da haka, ra'ayin cewa kamuwa da wuri na sa jiki ya karɓi ƙwayar da haƙuri ya dace da abin da aka gani a ɓeraye.

Ta fuskar asma, binciken Afirka da ya bi yara tun haihuwa shi ne na Butajira a Habasha, wanda Alemayehu Amberbir ya ba da rahotonsa a 2011 da 2014. An yi gwajin ne da bayan gida, wanda ke nuna ƙwayar tana nan a lokacin. Yaran da ke da ita sun fi ƙarancin ƙaiƙayin fata na egzima, fatarsu kuma ba ta cika tashi ba idan aka yi musu gwajin borin jini. Amma game da fiton ƙirji ba a sami bambanci bayyananne ba. Wannan sakamako yana da ma'ana. Ɓeran ɗakin gwaji asmar borin jini zalla yake yi, alhali zagaye na biyu na babban binciken asmar yara na duniya ya nuna cewa a ƙasashe matalauta alaƙar fiton ƙirji da borin jini ba ta da ƙarfi kamar a ƙasashe masu arziki. Yaron da hayaƙin itace, ko na janareta, ko na maganin sauro na ƙonawa, ko ƙurar hunturu ke tayar wa ƙirji, ba lalle ne Treg na tumbi su yi masa wani amfani ba. Asibitocin yara na Kano da Zariya da Zinder ba su rasa masu asma ba, duk da yawan ƙwayar a yankin.

Sauyin da Turai ta yi yana kan hanya a biranen Afirka. A Jimma ta Habasha an nuna tun 1997 cewa fiton ƙirji ya fi yawa a birni fiye da ƙauye. A Kumasi ta Gana, Emmanuel Addo-Yobo ya auna 'yan makaranta a 1993 ya sake a 2003, ya ga matsewar ƙirji bayan gudu ta tashi daga kashi 3.1 zuwa 5.2. Binciken bai auna H. pylori ba, amma ya nuna irin wurin da ya dace a auna ta: birnin da a cikinsa ɗan unguwar masu hali da ɗan ƙauye suke tashi da ƙwayoyin ciki daban-daban, a kuma haɗa da tsutsar ciki a lissafin, tun da ita ma tana danne garkuwa ta hanya mai kama da wannan.

Abin da ya shafi asibiti

Babu wata ƙungiyar likitoci da ta ce a bar yaro mai gyambo da ƙwayar don gudun asma. Idan na'urar leƙa tumbi ta nuna gyambo, ana ba da maganin rage asid tare da magungunan kashe ƙwayoyi biyu na kwana 14. Ana kuma neman ƙwayar ga yaron da ƙarancin jininsa ya ƙi jin maganin ƙarfe. Inda ake taka-tsantsan shi ne yaron da ke kukan ciwon ciki kawai. Ƙa'idojin haɗin gwiwa na 2016 na ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da Arewacin Amurka sun hana a riƙa gwada irin wannan yaro da jini ko numfashi a ɗora shi a kan magani, domin ba a nuna cewa ƙwayar ce ke sa ciwon ba idan babu gyambo. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda kowane zafin ciki sunansa olsa, gwajin jini kuma zai nuna kusan kowa yana da ita, kemis ya haɗa magani ba tare da takardar likita ba. Illar da aka tabbatar a nan ita ce bijirewar ƙwayar ga magani. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ya daina yi mata aiki sosai a sassa da yawa na Afirka, a 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai bijire wa kilaritromaisin a jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna dominsu.

Japan, inda sankarar tumbi ta yi yawa, ta ɗauki wata hanya: a lardin Saga an fara gwada ɗaliban ƙaramar sakandare tun 2016 ana kashe musu ƙwayar. A can haɗarin sankara ya rinjayi komai, kuma ana yin maganin ne bayan shekarun yarinta na farko sun wuce.

Masu binciken Zurik sun karkata ga raba amfanin da illar. A 2014 Daniela Engler ta nuna cewa ruwan matacciyar ƙwayar, idan aka riƙa ba ɓeraye tun suna jarirai, yana kare su daga asma ba tare da ƙwayar mai rai ba, haka ma tsantsar VacA. A 2019 Andreas Kyburz ya ba uwayen ɓeraye wannan ruwa lokacin ciki da shayarwa, 'ya'yansu suka fito da kariyar. VacA dai guba ce da ke huda ƙwayoyin bangon tumbi, don haka kafin a kai ga yara sai an tantance adadin da zai horar da garkuwa bai yi ɓarna ba, da kuma tsawon lokacin da kariyar ke ɗauka bayan an daina bayarwa.